Ba a Fara Ba, Ɗan Sanda ne Ke Danna Waya

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya sa nake numfashi a gabanku yau.

Ku yi haƙuri, a zaune zan yi magana. Kun ga dalili.

Sunana Rifkatu, amma da Maman Iliya aka fi sanina. Tumatir nake sayarwa. Ban taɓa shiga aji ba, ban iya tsara zance ba. Abin da ya faru zan faɗa, in yi shiru.

Da can a Nasarawa Gwom muke zaune. A wani rikici aka kashe maigidana a ƙofar gidanmu. Iliya yana ƙarami lokacin, shi ya rufe wa babansa fuska da rigarsa. Muka kwashe abin da wuta ta bari, muka koma Kabong.

Daga ranar na daina addu'a. Ina zuwa coci, kuna ganina. Ina ɗaura zanen zumuntar mata, in ana waƙa ina motsa baki. Amma ni da Allah ba ma magana. Ban zage shi ba. Shiru kawai na yi masa, irin shirun da ake yi wa maƙwabcin da ya ga gidanka yana ci ya tsaya kallo.

Iliya ya girma, yana tuƙa keke mai ƙafa uku. Ba ya sha, ba ya sata. Abu ɗaya ne da shi: akwai adda a ƙarƙashin kujerar kekensa. Ya sha gaya mini, "Mama, ranar da aka taɓa ki, ba zan jira kowa ba." Shi kaɗai gare ni. Na kuma sani, ranar da ya ɗaga addar nan, ko ya kashe ko a kashe shi, duk ɗaya ne a wurina. Na rasa ɗa.

Mun bar unguwa, amma wurin sana'ata ban bari ba, don masu sayen kayana suna can. A bakin titin da ke hawa Dutse Uku nake shimfiɗa buhu in kasa tumatir. Bayana shagon Malam Sani ne, tela, Musulmi. Gefena Maman Chidi, 'yar Ibo mai sayar da manja da busasshen kifi. Muna gaisawa, muna aron kujera, muna tsare wa juna kaya. Amma kowa a cikinmu ya san lungun da zai bi in gari ya ɓaci.

Ku 'yan Jos ne, kun san kalmar nan tamu. In wani ya ce "An fara!" ba a tsayawa tambayar me aka fara. Gudu ake yi. A gida a yi tambaya.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, gari lafiya lau. Na ɗaga kai na hango motar 'yan sanda tana gangarowa, irin mai buɗaɗɗen baya. Ba wani gudu take yi ba. Amma tana cin gefen titi kaɗan-kaɗan, tana nufo inda muke.

Na kalli direban. Ban ga fuskarsa ba! Tsakar hularsa na gani. Kansa a sunkuye, hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗayan riƙe da waya, babban yatsa yana ta aiki. Kafaɗunsa suna motsi, dariya yake yi.

Na ce a raina, yanzu zai ɗago.

Bai ɗago ba.

Motar ta tsallake kwata, ta bi ta kan kwandunana, ta bi ta kaina, ta daki rumfar kwano ta mai faci. Taya ta fashe. Ƙarar kamar bam! 'Yan sandan da ke baya suka diro, sun ɗauka hari aka kawo musu, ɗaya ya harba bindiga sama.

Sai wani ya ce, "An fara!"

Wayyo 'yan'uwa! Kafin ka ce kwabo titi ya watse. Ƙofofin shaguna suna ta bugawa. Mata suna kiran sunayen 'ya'yansu. Masu keke suna juyawa a tsakiyar hanya. 'Yan sandan nan ma da suka diro, da bindigoginsu suka tsere tare da mutane. Ba wanda ya tsaya ya duba ƙarƙashin mota.

Ni ce a ƙarƙashin. Ƙafata ta hagu tana danne, sauran jikina a waje, kwance cikin tumatir ɗin da ya fashe. Daga kai har ƙirji ja nake jawur.

Maman Chidi ta waigo sau ɗaya ta gan ni haka. Tana gudu, waya a kunne, ina jin muryarta tana nisa: "Iliya! Iliya! An kashe mamanka! An harbe ta a Dutse Uku! An fara!"

Na buɗe baki in ce mata ƙarya ne, ina nan. Murya ta ƙi fita.

Ku ji ni da kyau. Ban ji zafin ƙafa ba a lokacin. Abin da na gani a idona shi ne Iliya yana ɗaga kujerar keke. Na san tashar da yake tsayawa, na san samarin da ke wurin, kowannensu yana da wanda aka kashe masa. Na san za su zo. Na san na wannan gefen ma za su fito su tare su. A kan me? A kan mutum ɗaya da ke kallon waya!

Titi shiru. Takalma warwatse. Rediyon mai shayi yana ta magana shi kaɗai.

Nan na yi addu'a. Ba irin ta coci ba, ban iya ba. Na ce, "Yesu, ni ce Rifkatu. Na daɗe ban kira ka ba, ka sani. Mijina ya tafi, ban ce komai ba. In ƙafar ce, ɗauki. Ka bar mini yaron. Kada hannunsa ya taɓa jini."

Iyakarta ke nan. Fasto ya ce mini daga baya Allah ba ya ciniki. To, na ji. Ni dai abin da na faɗa ke nan, kuma ya saurare ni a hakan.

Ban rufe baki ba na ji ƙarar sakata. Malam Sani ya leƙo, abin awo rataye a wuyansa. Ya duba sama da ƙasa, ya fito a sunkuye.

"Innalillahi! Maman Iliya? Kina da rai?"

Na ce, "In ba ni da rai, wa ke kallonka?"

Murya ta dawo! Haleluya!

Na ce, "Malam, bar ƙafar. Kira mini Iliya. An gaya masa kun kashe ni."

Na ga fuskarsa ta canja. Ya fahimta, ba sai na ƙara ba. Ya zaro wayarsa. "Faɗi lambar."

Ni na san lamba? Iliya ne ya gyara mini tawa, in na danne wuri ɗaya sai ta kira shi. Ita kuwa tana ƙulle a bakin zanena, mota ta mai da ita gari.

Malam Sani ya miƙe ya shiga buga ƙofofi. "Ku fito! Ba a fara komai ba! Mota ce! Ku fito, mutum na ƙasa!" Mai faci ya fito. Wani mahauci ya fito da rigarsa ta aiki. Wasu suka biyo baya. Suka kama motar, suka ce bismillah, suka ɗaga, Malam ya ja ni ta hammata.

Na kalli ƙafar sau ɗaya. Ban sake kallo ba. Malam ya shiga shago ya yago shaddar wani, sabuwa fil, ya ɗaure mini sama da gwiwa.

Sai ga direban ya buɗe ƙofa ya fito, hanci yana jini. Saurayi ne, bai girmi Iliya sosai ba. Kun san abin da ya fara yi? Ya sunkuya ƙarƙashin kujera yana laluben wayarsa! Ina kwance a gabansa! Sai da ya same ta, ya goge ta a wando, sannan ya gan ni.

Ya ce, "Mama, sannu. Burki ne. Burki ne ya ƙi."

Na ce, "Na ga burkin. Da babban yatsa kake danna shi."



Mutanen suka ce a bi da ni ta sama, a nemi mota zuwa asibiti. Na ce a'a, a gangara da ni.

Mahaucin ya ce, "Mama, ƙasa fa? Can 'yan'uwanku za su taru!"

Na ce, "Shi ya sa. In bai gan ni da idonsa ba, ba zai yarda ba." Na nuna ɗan sandan. "Da wannan za mu."

Ya fara ja da baya, wai sai ya kira ofis. Mahaucin ya damƙe masa hannu. "Oga, za ka je. In ba ka je ba, mu za a ɗora wa gawar da babu."

Akwai baron mai rake da aka yar a gefen titi. Suka zubar da raken, suka ɗora ni. Kafin mu tashi, samarin unguwar sun fara fitowa daga lunguna da sanduna da gorori, su ma labari ya kai musu cewa ana zuwa. Malam Sani ya juya ya daka musu tsawa: "Duk wanda ya biyo mu ban yafe ba! Ku tsaya nan!" Ya kama baro da kansa. Mutumin da ban taɓa ganin ya ɗauki abin da ya fi almakashi nauyi ba.

Muka gangara. Ni a baro, Malam yana turawa yana haki, mahauci yana jan ɗan sanda. Duk ramin da muka faɗa sai na ga wuta a idona. Ina ta cewa a zuci, Yesu, kada in suma. In na suma gawa ce ni.

A mararrabar ƙasa muka same su. Kekuna sun tare hanya. Samari cike, wasu da katako, wani da jarkar fetur. Iliya a gaba, ba riga, adda a hannu.

Ku tsaya ku ga abin da ya gani. Mutum mai hula da gemu yana turo uwarsa a baro, ja jawur daga kai har ƙafa.

Ya yi wata ƙara da ban taɓa ji a bakin ɗan Adam ba. Ya taho da gudu, adda a sama, kan Malam Sani ya nufa. Malam bai saki baron ba. Ya dai rufe ido.

Na tattara duk abin da ya rage a ƙirjina na ce, "Iliya! Tumatir ne!"

Ya yi turus, kamar an ja shi da igiya.

"Mama?"

Na yagi abin da ke manne a wuyana na jefa masa a ƙirji. "Sunsuna, wawa! Tumatir ne! Ƙafar ce kaɗai jini. Mutumin nan da za ka sara shi ya ciro ni."

"An ce an harbe ki. An ce an fara."

"Ba wanda ya fara komai. Mota ce." Na juya wajen ɗan sandan. "Kai, faɗa musu."

Ya ce, "Burki..."

Na ce, "Yaro, dubi mutanen nan. Dubi na bayanka a kan tudu. In ka sake cewa burki ba wanda zai yarda, za su ce rufa-rufa ce, garin nan zai ƙone a kanka. Faɗi abin da na gani."

Ya ce, "Waya nake dubawa."

"Ba su ji ba."

Ya ɗaga murya: "Waya nake dubawa! Ba wanda ya kawo hari! Ni ne!"

Wani daga baya ya ce, "Me kake dubawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Wasan dariya aka turo mini."

Wasan dariya, 'yan'uwa! Jos ta kusa kamawa da wuta a kan wasan dariya!

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu ne za a shiga.

Iliya ya juya a hankali. Muryarsa ta yi ƙasa, irin wadda nake tsoro. "Waya? Kai? Ku da kuka tare ni a hanya kuka zare mini makulli don na amsa kiran uwata? Kuka ce doka ta hana? Kuka sa na durƙusa a gaban fasinja? Dokar ta talaka ce kaɗai?"

Samari suka ɗauka. "A ƙone shi!" "Kawo taya!" Mai jarka ya matso. Ɗan sandan ya zube a gwiwa yana "Don Allah, don Allah, ina da yara." Iliya ya tsaya a kansa, ya gyara riƙon adda.

Na tsamo ɗana daga jinin Malam Sani, ga shi zai faɗa na ɗan sanda. Can nesa kuma na fara jin jiniya. Sojoji. Kun san abin da suke yi wa wanda suka tarar da makami a hannu a rana irin wannan. Ba sa tambaya su ma.

Ba ni da ƙafar tashi. Ba ni da ƙarfin ihu kuma. Na ce Yesu, sau ɗaya. Sai magana ta zo mini, ba ni na tsara ta ba.

Na ce, "Iliya, jinina yana ƙarewa. Malam ya gaji. Zo ka ɗauke ni."

Bai waigo ba. "Mama, bari in gama da shi."

"Kafin ka gama da shi na tafi. Ni ko shi, zaɓi. Kuma da hannu ɗaya ba za ka iya ɗaukata ba."

Ya tsaya. Gumi yana bin bayansa. Jiniya tana matsowa. Ban san tsawon lokacin ba, a wurina shekara ne.

Sai na ji ƙarar ƙarfe a kan kwalta.

Ya sake ta! Ya sake ta, 'yan'uwa! Ku ɗaukaka sunan Ubangiji!

Ya zo ya sa hannu biyu ya ɗaga ni kamar jaririya, yana kuka yana "Mama, Mama." Malam Sani ya tallafi ƙafar, har cikin keke, ya zauna kusa da ni bai saki ba. Da samarin suka ga haka, jikinsu ya mutu. Wani dattijo cikin masu keke ya shuri addar ta faɗa kwata, ya ƙwace jarkar, ya tsaya a kan ɗan sandan ya ce duk mai taɓa shi sai ya fara da shi. Muna barin wurin muka yi kiciɓis da motar sojoji. Suka leƙa, suka ga tsohuwa cikin jini da ɗanta da wani malam, suka ba mu hanya.

A asibiti suka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Da na farka na tambayi abu ɗaya: an kashe wani? Suka ce ko kaza. Kafin la'asar an buɗe shaguna.

Maman Chidi ta zo da farfesu tana kuka, wai ita ta kusa kashe gari. Na ce ta zauna, ni ma da ni ce na ga abin da ta gani, haka zan faɗa. Mu duka an ƙona mu, shi ya sa ko murfin tukunya ya faɗi sai mu zabura.

Ɗan sandan kuwa, an ce da ya koma cikin nasu, burki ya sake zama mai laifi. Wani dattijon ikilisiyar nan ya gaya mini dokar hana waya a kan tuƙi ba ta ware mai kaki ba, yana bin maganar. Ban san inda za ta tsaya ba. Kada ku tambaye ni ko na yafe masa. A gaban Allah nake, ba zan yi ƙarya ba. Ina kan hanya. Ina sa shi a addu'a, wani lokaci da haƙora a cije.

Amma ku masu tuƙi da ke zaune a nan, da masu kaki a cikinku, na ga wasu: ku ajiye abin nan. Wanda ke kiranku zai jira. Wadda ke zaune a bakin titi ba ta da inda za ta gudu. Ku kuma sauran, kafin bakinku ya ce an fara, ku waiga ku duba ko akwai mutum a ƙasa.

Wanda kuma ya yi wa Allah shiru kamar yadda na yi, ina gaya maka, bai yi fushi ya tafi ba. Ban yi azumi ba, ban iya aya ko ɗaya ba, ina kwance cikin ruɓaɓɓen tumatir na kira shi, ya amsa. Ka kira shi da bakin da kake da shi. Ka dogara gare shi.

Na gode wa Yesu. Abu ɗaya na roƙa, ya ba ni.

Iliya, kana can baya kana ɓoye fuska. Tashi su gan ka. Ɗaga hannuwan, duka biyun.

Ku duba. Ba jinin kowa a kansu.

Ku ce Amin.